Ranar da Shamuwa Ta Ɗauko Ragunan Layya

Kwanakin baya surukata ta kai ni wurin wani tela a Jikwoyi, nan Abuja, za a auna ni ɗinkin bikin jikata. Shagon ɗan ƙarami ne, janareta yana ta ƙara a bakin ƙofa. Telan ya ce in zauna kafin ya gama da wata mata. Na juya zan zauna sai na ga kujerun da ya ajiye wa baƙi: guda biyu ne a manne da juna, shuɗinsu ya koɗe, da wurin ɗora hannu a tsakani da ɗan aljihu a baya. Kujerun jirgin sama ne. Ya ce a wurin 'yan gwangwan na Idu ya saye su, wai wani tsohon jirgi aka yanka aka sayar gunduwa-gunduwa. Ina zama hannuna ya tafi da kansa yana laluben bel a gefen cinyata. Surukata ta yi ta dariya, tana cewa Mama ina kuma za mu tashi. Ni ma na yi dariyar, amma tun daga ranar zuciyata ta koma tsibirin da aka haife ni, ta ƙi dawowa Kurudu, unguwar da nake zaune.

Mutanen unguwarmu in na ce musu a tsakiyar teku aka haife ni sai su ɗauka zolaya ce, don sun ji Hausa a bakina ba gargada. To amma ina ne Bahaushe bai je ba? A tsibirin nan muna da zangonmu, da masallacinmu mai rufin kwano, da limaminmu, mahaifina kuwa shi ne Sarkin Fawa. Ƙasa ce mai wani ƙaton dutse a tsakiya wanda kansa ba ya rabuwa da gajimare, gindinsa kuma gonakin koko ne har bakin ruwa. Ruwan sama ba ya sallama, yanzu ka shanya kaya, yanzu ka kwashe a guje. Gishiri narkewa yake a cikin kwano, ashana kuwa sai an ajiye ta a gefen murhu take kamawa. Da asuba ƙugin teku ne yake tashe ni, sai muryar ladan da ba shi da lasifika, sai ƙarar Baba yana wasa wuƙaƙensa a tsakar gida. Aikina na farko shi ne in kwashi tukwane in kai bakin ruwa in dirje su da baƙin yashi, Inna kuma takan ce in dai ba ta ga fuskarta a jikin tukunya ba, to wasa na je yi. Babbar ƙasar da ke hayin teku muna ce mata Tsallake. Gero da daddawa da kuka, shanu da tumaki, har labarin haihuwa da na rasuwa daga Arewa, duk daga Tsallake suke zuwa, a cikin wani tsohon jirgin ruwa guda ɗaya da yake zuwa ranar da ya ga dama.

Kamfanin jirgin saman namu wani dattijo ne ɗan asalin tsibirin ya kafa shi, manomin koko, mu a zango Mai Koko muke ce masa. An ce ɗansa ne ya taɓa yin ciwo mai tsanani, aka yi ta jiran jirgin ruwa da zai kai shi asibitin Tsallake, da ƙyar yaron ya sha. Daga nan tsohon ya ce shi da jiran jirgin ruwa har abada. Ya sayi wani ɗan jirgi kwance daga hannun 'yan mishan, mai farfela ɗaya a hanci, wanda in mutum shida suka shiga sai an yi dabara kafin a rufe ƙofa. Ya sa aka sare wani gefe na gonarsa aka baje, wannan ya zama filin jirgi. Matan zango ne suka raɗa wa jirgin Tsattsewa, saboda ƙanƙantarsa da yadda yake shawagi. Da abin ya karɓu ya ƙaro na biyu, mai farfela biyu, jikinsa duk faci da kawunan ƙusoshi, aka ce wannan Zabuwa ce. Ita take zuwa ƙananan tsibiran da ke bayanmu, tana kai wasiƙu da magani da malaman makaranta, ta dawo da busasshen kifi da marasa lafiya. Sunayen nan suka bi gari, har ma'aikatan kamfanin da ba sa jin ko zo na Hausa da su suke kiran jiragen, ba su san tsuntsaye ake nufi ba.

Ta uku ita ce Shamuwa, kuma ita ce tawa. Babba ce, fara, tsohuwa tun ranar da aka kawo ta, an ce ta yi aikin soja a wata ƙasa kafin ta zo hannunmu. In tana tsaye hancinta a sama yake, wutsiyarta a ƙasa kan wata 'yar taya, don haka in ka shiga ta ƙofar baya sai ka hau tudu kafin ka kai kujerarka. In za a tayar da ita sai injin hagu ya yi tari, ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, sannan ya kama, na dama kuma ya biyo baya kamar wanda aka tasa daga barci. Duk zango mun san muryarta. Mace tana daka za ta tsaya ta ce Shamuwa ta dawo, a ɗora ruwan shayi. Ita ce take zuwa Tsallake, kuma matuƙinta wani dogon mutum ne mai sanyin magana da muke kira Kyaftin Dogo, wanda kafin ya shiga sai ya zagaya ta yana shafa fiffikenta kamar mai duba doki.

Ni da tallar masa da dambun nama na fara zuwa filin. Na yi firamare, ina jin yaren tsibirin, ina jin broka, ga Hausa. Wata rana wata Hajiya mai fataucin atamfa ta kafe a ƙofar Shamuwa ta ce ba za ta shiga ba, aka rasa mai yi mata bayani, sai na ajiye farantina na kama hannunta na raka ta har kujera, na ɗaura mata bel ina ba ta labarin banza har ta manta da tsoro. Mai Koko yana tsaye yana kallo. Washegari ya zo gidanmu da kansa ya roƙi Baba a ba shi ni aiki. Baba ya ƙi. Inna ce ta yi ta bi da shi a hankali har ya sassauta, da sharaɗin rigata ta kai idon sawu, kaina kuma a rufe. Haka aka ɗinka mini doguwar riga ruwan ganye da ɗankwali irinta, na zama mai kula da fasinjojin Shamuwa.

Shekarun baya ɗana ya ɗauke ni a jirgi daga nan Abuja zuwa Kano, na yi ta kallon ikon Allah. Gini kamar gari guda, kowa idonsa a kan waya, a cire maka takalmi, a laluba ka, wanda ke kusa da kai har ku sauka bai tambayi sunanka ba. Mu a can rumfa ɗaya ce, da benci, da sikelin awon koko. Kowane fasinja sai ya hau sikelin nan da kayansa, don Kyaftin ya san inda zai zaunar da shi. Matan zango sun tsani wannan sikeli. Hajiyar atamfar nan kullum sai ta ce an yi masa wani abu, ita ba ta kai haka ba, mai awon kuma ya ce to ta sauke ƙullin da ta ɓoye a cikin zani. Kafin a tashi sai an kori awaki daga kan filin. In wani bai iso ba, aka san yana hanya, jiransa ake yi, wani lokaci Kyaftin ya aika a duba ko lafiya. Ni kuma ina bi kujera kujera da faranti, alewa a gefe ɗaya, auduga ta toshe kunne a ɗaya gefen, da fulas ɗin shayi a hammata. Na san wanda yake amai, na san wanda sai an riƙe masa hannu, na san tsohon da yake zuwa asibiti amma yake gaya wa iyalinsa kasuwa za shi. Ban ce na yanzu ba su da kyau ba, sun fi namu sauri da sanyi nesa ba kusa ba. Amma ba wanda zai ji ƙararsu ya ce a ɗora ruwan shayi.

Baba bai taɓa zuwa filin ba. In Shamuwa ta wuce ta saman gidanmu ko kai ba ya ɗagawa. Yakan ce shi bai ga abin da zai raba mutum mai ƙafa biyu da ƙasa ba. Ga kuma maganganu a ƙofar masallaci, wai 'yar Sarkin Fawa tana can sama tana zuba wa baƙin maza shayi. Wata shekara, Babbar Sallah ta matso, ya kira ni bayan la'asar, Inna tana zaune tana tsince shinkafa, ya ce ya gaji da jin sunansa a bakin mutane, bayan Sallah in mayar wa Mai Koko rigarsa. Ba a mayar wa Baba magana. Na shiga ɗaki na yi kukana, Inna ta biyo ni ta ce in share hawaye in bar wa Allah.

A 'yan kwanakin nan ne labari ya zo cewa injin jirgin ruwa ya lalace a tashar Tsallake, kuma ba ranar gyaruwarsa. Ragunan layyar zango gaba ɗaya suna can a bakin tasha a hannun dillali, an koro su tun daga Arewa. Kowane magidanci Baba ya ba wa amanar ragonsa, kamar yadda ake yi duk shekara, kuma tun da ya zama Sarkin Fawa ba a taɓa yin Sallar da wani gida ya kwana ba layya ba. Mutane suka fara zuwa ƙofar gida, ba faɗa suke ba, gaisuwa kawai suke yi su ɗan zauna su tafi, wannan kuwa ya fi faɗan ciwo. Baba ya daina cin abinci sosai. Wuƙaƙen ma ya daina wasawa.

Ni na faɗa wa Kyaftin Dogo halin da ake ciki, ba don ina tsammanin wani abu ba, sai don ya tambaye ni me ya sa fuskata ta canza. Ya tambayi nauyin rago, na ce kamar na yarinya budurwa, wani ya fi. Ya tafi ya sami Mai Koko. Da yamma sai ga tsohon a ƙofar gidanmu da sandarsa. Ya gaya wa Baba cewa shi ya san zafin jiran jirgin ruwa, in Baba ya yarda za a kwance kujerun Shamuwa a shimfiɗa tamfol a ɗauko ragunan, ko da sawu nawa ne. Sai dai dole Baba ya je da kansa, don dillalin ba zai sakar wa kowa dabbobin ba sai shi, kuma shi ya san mai lafiya da wanda bai isa layya ba. Na leƙo ta bayan labule ina jiran amsar Baba. Sai na ji ya ce Allah ya kai mu goben.

Da safe ya fito da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, ya yi sallama da Inna kamar mai tafiya Makka a ƙasa, har da wasiyya. An bar kujeru biyu a gaba. Na zaunar da shi, na sunkuya na ɗaura masa bel, na ba shi auduga da alewa. Da injin hagu ya fara tarinsa sai ya damƙe hannuna ya ce, "Wannan abin lafiyarsa ƙalau kuwa?" Na ce haka take yi kullum, Baba. Ya rufe ido, ya kama carbi, bai buɗe ba har muka sauka a Tsallake. Na so ya ga teku daga sama, da kan dutsenmu da ya leƙo ta cikin gajimare, amma ban matsa masa ba.

Yana taka ƙasa ya koma Sarkin Fawansa. Ya bi ragunan ɗaya bayan ɗaya, yana buɗe baki, yana duba ido da kofato, ya ware wani mai ɗingishi ya ce wannan ba zai hau ba. Aka jingina katako a ƙofar Shamuwa, aka yi ta turo su suna tirjiya. Kyaftin ya sa aka raba cikin jirgin gida-gida da igiya da raga, ya ja mini kunne cewa duk abin da zai faru kada su taru a baya, don in wutsiya ta yi nauyi jirgin ba zai ji maganarsa ba. Na zuba musu harawa, muka tashi. Wari kuwa ba a magana. Ga kuka, wannan ya yi, wancan ya amsa, har ƙarar injin ta zama ƙarama.

Mun hango tsibiri ke nan hadari ya tare mu. Shamuwa ta fara rawa, ta faɗa rami ta fito, ta sake faɗawa. Akwai wani ƙaton rago fari mai murɗaɗɗen ƙaho, na liman, tun a ƙasa yake neman rigima. Jirgin ya yi wata girgiza sai ya zabura ya tsinke igiyarsa, ya banke ragar da ke bayansa, sauran suka bi shi, duk suka gangara wutsiya suka cunkushe. Nan take na ji hancin jirgin ya ɗaga. Kyaftin ya leƙo ta ƙofarsa ya kira sunana, kuma tun da nake aiki da shi ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Na saki abin da nake riƙe da shi na gangara, ina jan wannan ina tura wancan, amma ƙarfina bai kai ba, farin ragon ya kafe ƙafafu a ƙofar baya.

Na waiwaya na ce, "Baba, taso."

Ya buɗe ido ya ga abin da ake ciki. Ya kai hannu zai miƙe, bel ya riƙe shi, ya rasa yadda ake kwancewa. Na haura da rarrafe na ɓalle masa, na kama hannunsa na ɗora a kan igiyar da ke bin bangon jirgin. Na ce kada ya saki wannan ko me ya faru, in jirgi ya faɗa ya durƙusa, in ya daidaita ya taka. Tun da aka haife ni ban taɓa ba Baba umarni ba, shi ma bai taɓa karɓa daga wurina ba, amma ranar ya ce to. Ya naɗe babbar rigar a kafaɗa, muka gangara tare. Yana isa ya yi wata 'yar ƙara da harshe irin wadda yake yi wa dabbobi a mayanka, ya cafki ƙahon farin ragon da hannu ɗaya, ya murɗa kansa ya juyo da shi. Ni kuma na ɗebi harawa na riƙa ja da baya ina kaɗa musu ita a hanci. Da babban ya taho sai sauran suka biyo shi. Muka haura da su kaɗan-kaɗan, muna zamewa a kan tamfol ɗin da suka ɓata, sau biyu Baba yana faɗuwa zaune yana tashi. Muka ɗaure su a tsakiya, ya zauna a ƙasa ya rungume wuyan na liman, ni na tokare sauran da bayana. Hancin Shamuwa ya sauko. Can sai haske ya shigo ta taga, muka fita daga hadarin. Na ga Baba yana leƙen waje ta saman kan ragon, ga gonakin koko, ga rufin masallacinmu, ga zango kamar an zuba akwatunan ashana. Ya ce, "Ashe haka kike ganinmu kullum."

Duk zango yana filin. Da aka buɗe ƙofa aka jingina katako, ragunan suka fara saukowa suna tangaɗi kamar sun sha wani abu, mata suka ɗauki guɗa, yara suna tsalle, liman yana ta hamdala yana neman nasa. Baba ya sauko a ƙarshe, rigar Juma'a ta zama abin da ta zama, hula a karkace. Ya yi sujada a kan ciyawa, ya tashi ya riƙe hannun Kyaftin Dogo da hannu biyu, ba mai jin yaren wani a cikinsu, suka yi ta girgiza kai suna dariya. Shamuwa ta sake komawa ta kwaso sauran, kuma ba wanda ya roƙi Baba, da kansa ya koma ciki ya zauna ya ce in zo in ɗaura masa abin nan.

Aka yi Sallah, kowane gida ya yi layya. Baba ya aika wa Mai Koko da Kyaftin cinya guda-guda. Da hidima ta lafa na wanke rigata ruwan ganye na goge, na ninke, na kawo gabansa na ce zan kai musu kamar yadda ya ce. Ya kalli rigar, ya kalli Inna, ya ce shi dai ya san ya ce bayan Sallah, amma bai tuna ya faɗi wace Sallar ba. Inna ta juya baya tana gyara murhun da ba abin da ya same shi, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Na yi shekaru ina aikin har na yi aure, mijina ya dawo da mu Arewa, daga baya 'ya'ya suka jawo ni nan Abuja. Kafin in bar aikin, kamfanin ya sayi sabon jirgi mai siririyar murya da muka raɗa wa Amarya, wanda ba ya tari ba ya hayaƙi. Tsattsewa aka sayar wa wani mai feshin gona. Zabuwa ta yi aiki har aka rasa kayan gyaranta. Shamuwa kuwa, duk wankin da muka yi mata, in aka yi ruwa sai warin raguna ya taso, fasinja su yi ta waige-waige. Bayan rasuwar Mai Koko 'ya'yansa suka haɗe da wani babban kamfani, na ji an ce an zuba kwalta a filin, an rushe rumfar, Shamuwa kuma aka ja ta gefen gona aka bar ta, yara suna wasa a cikinta.

Baba ya yi tsawon rai, kuma har ya tsufa ba shi da labarin da ya fi wannan. A ƙofar masallacin da aka yi gulmata a nan yake zama ya ba da shi. Kowace shekara ragunan suna ƙaruwa, hadarin yana ƙara baƙi, ƙahon na liman yana ƙara tsawo, zancen rufe ido da carbi kuwa bai taɓa shiga ciki ba. In aka tambaye shi to shi matuƙin me yake yi duk wannan lokacin, sai ya ce ai bawan Allah yana can gaba yana ƙoƙarinsa. Sannan ya gyara zama ya ce, "Amma ni da 'yata muka sauko da jirgin."